Jirgin Cikin Gari a Kan Allo: Kundin Aikinmu a Gusau

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka sa hannu. Ɗalibai goma sha huɗu suka fito duk da ba ranar karatu ba ce, maza tara, mata biyar, dukkansu 'yan aji biyu na babbar sakandare. Kafinta ya kawo allon katako mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, muka girke shi kan benci biyu a ɗakin ajiyar taswirori. Abin da muka ƙudura shi ne mu fitar da jirgin ƙasan cikin garin Abuja a kan wannan allo, layukansa biyu da tashoshinsa 12, kowace tasha a mazauninta bisa awo. In Allah ya nufe mu da gamawa, sai mu yi allo na biyu, na Gusau.

Asalin abin wata tambaya ce da na yi a zangon da ya wuce. Ina cikin darasin sufuri, na ce duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa ya ɗaga hannu. Aji ya yi tsit. Ko mutum ɗaya babu. Alhali da yawansu sai sun tsallaka layin dogo kafin su iso makaranta, su sake tsallaka shi in an tashi. A wurinsu ƙarfe ne kawai kwance cikin ciyawa, inda awaki ke kiwo. Abin nan ya tsaya mini a rai har hutu ya ƙare.

Na zaɓi Abuja saboda sunayen ba baƙi ba ne a kunnensu. Da wuya ka sami gida a unguwarmu da ba shi da wani a Dei-Dei, ko a kasuwar kayan gini ko a ta dabbobi, ko kuma a Gwagwa da Kubwa. Na rubuta musu tarihin a taƙaice: a 2007 aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar, bankin Exim na Sin ya ba da rancen dala miliyan 500, kuma sai ranar 12 ga Yuli, 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi. Wani yaro daga bencin baya ya ce, "Malam, ashe sa'ana ne, a 2007 aka haife ni." Na ce to ya lissafa ajin da yake ciki ranar da jirgin ya fara tafiya. Ya ƙirga da yatsu, ya ce yana gab da gama firamare.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ranar awo. Layin da ya tashi daga tsakiyar birni zuwa filin jirgin sama kimanin kilomita 27 ne. Wanda ya ɓalle daga Idu ya nufi Gbazango kuma kimanin 18. Jimla 45. Tun daga gida na zo da lissafina, kowace kilomita ɗaya santimita 8. A tsawon allo ya shiga, amma da muka ja reshen Gbazango zuwa arewa sai ya zarce bakin katako. Wata ɗalibata, mai ƙarancin magana a aji, ta karɓi rula ta gwada, ta ce, "Malam, a mai da shi 6." Haka aka yi. Babban layi ya zama santimita 162, reshe 108. Wayar ɗaurin rodi za mu shimfiɗa, biyu a jere, don haka muna bukatar santimita 540 da ɗan rara.

Mun ɗiga wuraren tashoshi da fensir. Daga gabas: Abuja Metro, Stadium, Kukwaba ta ɗaya, Kukwaba ta biyu, Wupa, Idu, Bassanjiwa, sai filin jirgin sama. Reshe daga Idu: Gwagwa, Dei-Dei, Kagini, Gbazango. Idu muka zagaye da jan biro, don nan ce mahaɗa. A nan jirgin cikin gari ke haɗuwa da babban jirgin Kaduna, wanda ke zuwa Rigasa tun 2016.

Laraba, 16 ga Oktoba

Tun kafin in ajiye babur yara biyu suka tare ni da labarin da suka ji a rediyo: jiya Jan Layi na jirgin cikin garin Legas ya fara ɗaukar fasinja, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, tasha 8, har da Agege inda 'yan uwanmu suke da yawa. Na ƙara musu da cewa Shuɗin Layi ya riga shi, tun 4 ga Satumba, 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 da tasha 5, kuma shi da lantarki yake tafiya, na Abuja da man dizal. Watanni uku da suka wuce, wannan labari zai wuce su a rediyo ba su ma ji ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An fara girbi, kara ya samu. Da totuwar kara muka yi ginshiƙan tashoshi, bango na kwali, rufi kuma gwangwanin madara da aka buɗe aka daddale da guduma. Yaran da suka tashi suna ƙera motar kara ba sa bukatar koyarwa a nan, ni ne ma na koma mai miƙa musu gam. Taragai na gwangwanin kifi ne, an huda gindinsu an sa marafan kwalba.

Kafin a liƙa na sa su lissafa tazarar da ke tsakanin tashoshi. Yawancinsu suka raba 27 da 8. Yarinyar nan ta awo ta ce a'a, tasha takwas tsakaninsu bakwai ne, da 7 za a raba. Ya fito kusan kilomita 4. Sai na kawo musu na Adis Ababa, babban birnin Habasha, wanda aka buɗe a 2015: kilomita 30 da 'yan kai, amma tasha 39. Wato can ba ka yin kilomita ɗaya ba ka tarar da tasha ba. Na ce su auna da ƙafarsu, tafiyar kilomita 4 da rana tsaka, ga yaro a baya, ga kaya a ka.

Da muka gama liƙawa muka ja da baya muna kallo. Allo ya yi kyau, tashoshi 12 a jere suna ƙyalli. Sai wata daga cikin 'yan matan ta nuna Wupa da yatsa ta ce, "Malam, in mutum ya sauka nan, ina zai bi?"

Babu abin da ke kewaye da tashar sai farin katako. Mun yi layi, mun yi tasha, ba mu yi hanyar zuwa tasha ba. Kuma abin da ya sami jirgin na gaske ke nan. Lokacin da aka buɗe shi a 2018, tasha uku kacal ke ɗaukar mutane, Abuja Metro da Idu da filin jirgin sama. Sauran an gina su, amma da dama ba su da titin kirki da zai kai ka bakinsu. A 2020 annobar korona ta zo, jirgi ya tsaya cak, ya shekara huɗu a ajiye. Sai da aka shimfiɗa tituna zuwa tashoshin, a zamanin minista Nyesom Wike, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi ranar 29 ga Mayu, 2024. Na yi niyyar in ba su wannan labari a ƙarshen aiki. Tambayar yarinyar ta sa na ba su yau, a tsaye, hannuwanmu duk gam.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Wannan ranar ba zan manta da ita ba. Da izinin iyayensu na ɗauki ɗalibai huɗu muka je gaida wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda ya yi aikin reluwe tun yana lebura har ya kai heluma a ɓangaren gyaran layi. Mun same shi bayan la'asar a ƙofar gida, kan buzu, sandarsa a gefe. Yara suka durƙusa suka gaishe shi. Na ce, "Baba, jikokinka ne, sun zo jin labarin jirgi." Ya yi shiru yana dubansu, sannan ya ce, "Ɗana, ashe akwai sauran mai tambaya."

Ya ce a tashe shi. Muka taka a hankali har bakin layi. Ya sa aka share ƙasa daga jikin ƙarfen, ya ce a auna daga ciki zuwa ciki. Yaro ya ja tef: santimita 106 da ɗan ɗori. Baba ya ce, "Ƙafa uku da inci shida. Haka yake tun daga Ikko har Ƙaura." Gaskiyarsa, faɗin tsohon layi milimita 1,067 ne. Na Abuja da na Kaduna sabon faɗi ne, milimita 1,435. Nan take yaran suka gane abin da na kasa fahimtar da su a aji, cewa taragon Abuja ba zai taɓa hawa layin Gusau ba ko da an kawo shi, ƙafafunsa sun fi ƙarfin wurin.

Daga nan ya shiga ba su labari. Layin ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe, ya shigo Gusau, ya tuƙe a Ƙaurar Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga da fatu aka yi shi dominsu. Ya kwatanta musu lokacin kaka, yadda jakuna da raƙuma da amalanke ke shigowa daga ƙauyuka, buhuna jibge a bakin tasha, 'yan dako na rera waƙa suna lodi, masu tuwo da masu fura sun kafa rumfuna. Ya ce kantunan Turawa a nan kusa suka zauna, baƙi daga Kudu suka cika Sabon Gari, wurin gurzar auduga ya samu. Ya nuna wata tsohuwar hanya da sandarsa ya ce, "Wagga hanya ba injiniya ya zana ta ba. Sawun mutane da na jakai ne, masu zuwa tasha. Daga baya aka zo aka zuba mata kwalta."

Na daɗe ina juya wannan magana a hanyar komawa gida. A Gusau kaya da mutane ne suka yi ta tururuwa zuwa tasha har gari ya taru a kanta. A Abuja an kafa tasha a fili ana jiran gari ya iso. Duka biyun suna yiwuwa, amma na biyun sai da haƙuri da kuɗi, kuma sai an yi wa mai tafiya a ƙasa tanadi tun ranar farko.

Yaran sun so mu je Ƙaura su ga ƙarshen layi. Ban yarda ba. Da halin da hanyoyinmu ke ciki, ba zan ɗauki 'ya'yan mutane in fita da su bayan gari saboda aikin allo ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Hunturu ya yi mana ɓarna. An bar tagar ɗakin a buɗe kwana uku, allo ya bushe ya ɗan lanƙwashe, gam ya tsage, waya ta ɗago daga Idu har Bassanjiwa, rufin Stadium ya faɗi. Wasu yaran har idonsu ya kawo ruwa. Kafinta ya buga wa allon katako uku ta ƙasa ya miƙe. Mun daina dogara da gam wurin waya, ƙananan ƙusoshi muke lanƙwasawa a kanta. Jarrabawa ta matso, mun rufe aiki da tsohon zanen gado sai bayan hutu.

Alhamis, 19 ga Disamba, daga Kubwa

Na zo Abuja wajen ƙanena. Da sassafe muka baro Gusau jiya, don kowa ya san ba a son yamma ta yi wa mutum a hanyar Funtuwa. Yau na shiga jirgin da na yi kusan wata uku ina koyarwa ban taɓa gani ba.

A Abuja Metro na hau. Ba a karɓi ko sisi ba, don tun ranar sake buɗewa aka ce kyauta ne har ƙarshen shekara. Tarago tsaf, ga sanyi, ga kujeru a jikin bango. Na zauna jikin taga da ɗan littafina, duk tashar da muka tsaya ina rubuta abin da idona ya gani daga ƙofarta zuwa waje: akwai titi ko babu, akwai gidaje kusa ko fili ne, akwai mai Keke Napep ko ɗan kabu-kabu da ke jiran wanda zai sauko. Sababbin titunan suna nan, baƙi wuluk. Amma a wasu tashoshin, in ka ɗaga kai, tsakaninka da gida mafi kusa tafiya ce sosai. A Idu ne na ga motsi na gaske, masu jakunkuna suna sauka don su kama jirgin Kaduna. Tashar ƙarshe kuwa a jikin filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe take, ka sauka ka taka da ƙafa. Wannan kam an yi tunani.

Kusa da ni wani magidanci ne, mai gadi a wani ofis a cikin birni. Ya ce mini, "Malam, jirgi alheri ne, kuɗin mota ya cinye rabin albashi. Amma daga gidana zuwa tasha sai na hau babur, daga tasha zuwa wurin aiki sai na sake hawa." Na rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta.

Da yamma ƙanena ya bi da ni ta hanyar Nyanya da Mararraba. Motoci sun cushe iya ganinka, mutane a bakin titi kamar an tashi daga idi. Nan ne taron ma'aikatan Abuja yake kwana, kuma jirgin bai zuwa can. A tsarin asali kimanin kilomita 290 aka zana, kashi shida. Abin da ke ƙasa yau 45 ne. Ba na raina shi, na ji daɗinsa ƙwarai, har na ji ƙwalla lokacin da ya fara motsi na tuna mahaifina. Sai dai a ganina, da ta wajen cunkoson nan aka fara, da tuni ba a bukatar roƙon kowa ya hau.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Mun yaye zanen gado. Na karanta musu abin da na rubuto tasha bayan tasha, suka yi ta tambaya har na gaji. Yau aikin tituna muka yi. Jan zare shi ne titin mota, fari shi ne hanyar ƙafa, dusar katako da aka rina ita ce unguwanni. Da aka barbaɗa dusar sai allon ya fara magana da kansa: ta yi kauri a Kubwa da Dei-Dei da Gwagwa, ta yi shara-shara a wajen Wupa da Bassanjiwa. Nyanya ba ta shiga allon ba, sai muka manna kwali a gefen gabas muka tula dusa a kai, babu waya ko ɗaya da ta kai gare ta.

Malamar Islamiyya ta leƙo, Hajiya, wadda ta sauke farali shekarun baya. Ta tsaya ta ba su labarin jirgin da ke ɗaukar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. Na cika mata da adadi: an buɗe shi a 2010, kimanin kilomita 18, tasha 9, uku a kowane wuri, kuma a kwanakin aikin Hajji kawai yake aiki. Ta ce abin da ya fi burge ta ba jirgin ba ne, yadda ake shigar da jama'a rukuni-rukuni ta ƙofofi ne, ba turereniya. Ta dubi tashoshinmu ta ce, "Yarana, ina wurin zaman tsofaffi? Ina inuwa?" An rubuta cikin abin da za a ƙara.

Asabar, 25 ga Janairu

Allo na biyu ya iso. Na faɗa musu tun farko, kada wani ya je gida ya ce za a kawo jirgin cikin gari Gusau. Darasi muke yi. Jiharmu da aka ƙirƙira a 1996 tana da bukatun da suka riga wannan, kuma jirgi irin na Abuja sai birni mai miliyoyin mutane. Amma tambayar da jirgi ke tilasta wa gari ya yi wa kansa, ita muke so: ina mutane ke fitowa, ina suke zuwa, da wane lokaci?

Don haka wannan karon ba mu fara da waya ba. Cikin makon nan na raba su bibbiyu, kowa a kusa da gidansu, su tsaya da safe kafin makaranta su lura da inda Keke Napep da 'yan kabu-kabu suka fi sauke mutane. Suka dawo da rahoto daga Lalan, Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, Gada Biyu da bakin babbar kasuwa. Dusa muka fara barbaɗawa, sannan zare. Tsohon layin dogo mun sa shi da baƙar waya, don shi ne dattijo a allon.

Gardama ta kaure a kan inda layi zai tuƙe ta gabas. Maza suka ce a kai shi har jami'ar tarayya da ke hanyar Zariya, ɗalibai su huta. Mata suka ce tsakanin Lalan da jami'a za a yi doguwar tafiya ba kowa, a fara da kasuwa da asibiti tukuna, inda iyayensu mata ke zuwa kullum. Wani ya ce ai gari can yake miƙewa, wanda ya kafa tasha yau shi zai ci riba gobe. Yarinyar da ta yi tambayar Wupa ta ce masa, "Haka aka ce a Abuja." Ni ra'ayina ya fi karkata ga 'yan matan, amma ban faɗa ba. Ina so su kai ƙarshe da hujjarsu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Inda muke: allon Abuja ya kammala, saura fenti a rufin tashoshi uku da rubuta sunaye da kyau, don na fensir sun fara gogewa. An sa benci da rumfa a kowace tasha, na tsinken ashana, kamar yadda Hajiya ta nema. A allon Gusau an amince da tasha biyar a cikin gari, tazararsu ba ta kai kilomita ɗaya da rabi ba. Maganar jami'a ba a sasanta ba. An ja ta da fensir, ɗigo-ɗigo, an bar ta haka.

Wata sabuwar tambaya ta taso yau daga yaron nan sa'an jirgi: in an sa tasha a bakin kasuwa, 'yan kabu-kabun da ke cin abinci a wurin fa, yayansa na cikinsu? Na ba su labarin magidancin da na haɗu da shi, mai hawa babur sau biyu kafin ya kai wurin aiki. Sun yanke cewa kowace tasha a ware mata fili a gefe na masu babur da Keke Napep. An yanka kwali biyar an ajiye, ba a liƙa ba tukuna.

Muna so mu gama kafin azumi, saura mako biyu. Shugaban makaranta ya ba mu Asabar mai zuwa mu nuna wa iyaye. Na je na sanar da Baba, ya ce ko da ɗaukarsa za a yi sai ya zo, kuma zai taho da tsohuwar fitilar hannunsa ta aiki, mai gilashi ja da kore, yara su gani. Na yi magana da mai Keke Napep ɗin da zai ɗauko shi ƙarfe tara. Jan fenti ya ƙare, Litinin zan biya kasuwa.